Yadda Na Kusa Mayar da Surukina Sakkwato

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a da na yi wa surukina jagora a filin jirgin saman Abuja. Ko da na so in manta ma, mutanen Ƙaura ba za su bari ba.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Ƙauran Namoda. Shekara da shekaru ina zana taswirar Nijeriya a allo ba tare da na leƙa littafi ba, kuma darasin da na fi ƙauna shi ne na sufuri. In ɗiga Sakkwato, in ɗiga Kano da Maiduguri, in gangara in ɗiga Legas da Fatakwal, sannan in ja layuka duk su haɗu a Abuja. In yi wa ɗalibai bayani cewa jirgin sama ba ya tashi daga kowane gari zuwa kowane gari, akasari sai ka sauka a Abuja ko Legas ka canja wani. Har yadda kunne ke toshewa in jirgi ya ɗaga nakan kwatanta musu, ina riƙe da kunnen nawa.

Abin da ban taɓa faɗa musu ba shi ne, ban taɓa shiga jirgi ba. Iyakacin kusantata da shi, ranar da muka raka gwaggona Sakkwato za ta aikin Hajji, na tsaya bayan waya ina ɗaga wa jirgin hannu. (A nan zan ɗan kare kaina: ban taɓa buɗe baki na ce na shiga ba. In ɗalibi ya tambaye ni, murmushi kawai nake yi irin na wanda ya gaji da yawon sama, in ce mu ci gaba da darasi.) Da haka zancen ya zauna. A makaranta, a majalisarmu, har a gidana, kowa ya ɗauka ni ɗan gida ne a sararin samaniya.

Surukina, Alhaji Bawa, wanda muke kira Baba, mutumin Shinkafi ne. Ya kwashe ƙuruciyarsa yana fataucin shanu zuwa kudu a saman tirela, musamman Fatakwal, har sai da gwiwoyinsa suka ce ya isa haka. Mutum ne marar yawan magana, in ka gaishe shi ya amsa, in ka yi shiru shi ma ya yi, kuma shirun ba ya damunsa. Ɗansa Lawali, wato yayan matata Balkisu, a Fatakwal yake sana'a, can kuma ya samu wadda zai aura, 'yar tsohon mai masaukin Baba. Uban yarinyar ya aiko cewa ba zai ɗaura auren nan ba sai ya ga Alhaji Bawa zaune kusa da shi a kan tabarma, don sun daɗe ba su haɗu ba, kuma a shekarunsu babu wanda ya san ko za a sake samun dalili. An sa ranar Asabar, ƙarfe goma na safe.

Tafiyar kwana biyu a mota ba ta Baba ba ce yanzu, don haka Lawali ya sayi tikitin jirgi guda biyu, ɗaya na Baba, ɗaya na wanda zai raka shi. Da aka zo maganar ɗan rakiya, Balkisu ba ta bari an yi dogon tunani ba. Ta ce ai ga Malam, wa ya kai shi sanin jirgi? Ina zaune ta faɗa a waya, tana kallona da alfahari. A wannan lokacin ne ya kamata in yi magana. Sai na gyara zama na ce ba komai, ai abu ne mai sauƙi.

A lokacin, duk mai son hawa jirgi daga yankinmu sai ya dangana da Sakkwato ko Kano. Ranar Alhamis aka kawo Baba daga Shinkafi (ya bar kasuwar garinsu tana ci, abin da aka ce bai cika yi ba), muka kama hanyar Gusau, muka bi ta Mafara, muka sauka gidan wani ɗan'uwansa a Sakkwato kafin la'asar. Tun daga Ƙaura na buɗe masa aji. Na yi masa bayanin babu jirgin da ke zuwa Fatakwal kai-tsaye daga Sakkwato, za mu sauka Abuja mu jira wani. Na gaya masa kada ya ji tsoro in jirgi ya yi girgiza, iska ce kawai. Har takarda na ciro na zana masa hanyar. Ya karɓa ya duba, ya ce madalla, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Sai daga baya na tuna mutumin nan Alhaji ne. Wato ya ƙetare Bahar Maliya a jirgi, ya dawo, tun ina ɗan firamare. Amma da yake bai ce komai ba, ni ma ƙwaƙwalwata ba ta ce komai ba.

Da safiyar Juma'a muka shiga jirgin Abuja. Kayanmu ba yawa, kowa da 'yar jakar hannunsa. Ba zan ɓoye maka ba, da jirgin ya fara gudu a ƙasa, duk addu'ar da na sani sai da na karanta ta, har da ta shiga kasuwa. Na damƙe hannun kujera, amma fuskata na daidaita ta kamar mai sauraron labarai a rediyo. Da muka daidaita a sama na juya in kwantar wa Baba da hankali, na tarar ya yi barci.

Muka sauka Abuja lafiya. Wannan saukar ita ta lalata ni, don daga nan na ji lallai na zama gwani. Yanzu fa na shiga jirgi da gaske, babu sauran ƙarya a kaina. Na karɓi jakar Baba na haɗa da tawa, na shige gaba, na bi jama'a har muka zagayo ɗakin da ake jiran tashi. Jirginmu na Fatakwal sai ƙarfe biyu. Muka yi salla, na sayo mana ruwa, muka samu kujeru muka zauna.

Ɗakin cike yake maƙil. Kowane ɗan lokaci wata murya takan fito daga lasifika ta yi sanarwa da Turanci, sai ka ga wasu sun miƙe sun yi ƙofa. Ni dai da Turanci nake koyarwa, amma Turancin lasifikar nan kamar mai magana da bakinta cikin tulu. In ban da sunan kamfanin jirgi da kalmar fasinjoji, ba abin da nake kamawa. Kusa da mu akwai wata ma'aikaciya a tsaye da rediyon hannu, taku biyar ne tsakanina da ita. Sau biyu Baba yana cewa, "Malam, da ka tambayi ɗiyar nan." Na ce masa babu buƙata, ina bin komai.

Biyu saura kaɗan aka yi wata sanarwa, na ji sunan kamfaninmu sarai. Mutane suka miƙe. Na ce wa Baba namu ne. Muka fita ta ƙofar, sai ga jirage biyu a fili, kusa da juna, fentinsu iri ɗaya, kuma layi biyu na mutane kowanne ya nufi ɗaya. Damina ce, an fara yayyafi, kowa na sauri. Na tsaya na yi nazari irin na masana. Fatakwal kudu take, na ce a raina, ga kuma jirgi ɗaya hancinsa na kallon kudu. (Ka yi dariyarka, ba zan hana ka ba. Ni ma yanzu na san jirgi yana iya juyawa.) Na kama hannun Baba muka nufi wancan.

A gindin matakala akwai wani ma'aikaci yana duba takardun shiga, ruwa na dukansa. Ni kuma ganin layin da tsawo, sai na ratsa ta gefe ina ɗaga murya da Turanci cewa a ba dattijo hanya, ƙafarsa ba lafiya. Mutane suka dare. Ma'aikacin ya ga furfura da sanda, ya ga tambarin kamfaninsu a takardun da nake kaɗawa, ya matsa mana muka hau. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ce wa Baba ai harkar filin jirgi sai da wayewa.

Kujerunmu na layi na goma sha huɗu. Na zaunar da Baba a bakin taga, na ɗaura masa bel da hannuna, na zauna kusa da shi. Jama'a suka yi ta shigowa. Abin da na lura da shi, kusan kowa da hula da babbar riga, mata da manyan mayafai, kuma Hausa ce ke tashi ta ko'ina, ba ma kowace Hausa ba, irin tamu. Wani a bayanmu yana waya yana cewa a aje mishi tuwo, ga shi nan tahe. Na sunkuya na ce wa Baba, ka ga yadda mutanenmu suka cika Fatakwal, ai wannan shi ake kira ƙaura don neman abinci, muna koyar da shi a aji biyar.

Baba ya dubi mutanen, ya dube ni. Ya ce, "Malam, wanga jirgi, ka tabbata Fatakwal za shi?"

Na ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku. Ai aikina ke nan."

Baba ya ciro carbinsa.

Can sai ga wani mutum ya tsaya a kaina, matashi mai ƙiba, da gilashi da jakar kwamfuta, wata mata na biye da shi. Cikin ladabi ya ce da alama mun zauna a kujerunsu. Da na duba takardata a lokacin, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina, sai na ji an taɓa martabata a gaban surukina. Na miƙe tsaye, na gyara hula, na juya harshe zuwa Turanci don kowa ya san da wa ake magana. Na ce lambar kujera ba a gadonta, a rubuce take, ga ta nan sha huɗu. Na ce abin takaici ne a ƙasar nan mutum ya shiga jirgi bai iya karanta tikitinsa ba. Na ƙara da cewa dattijon nan ba zai motsa ko taku ɗaya ba. Layin da ke bayansu ya tsaya cik, wuyoyi suka miƙo daga gaba da baya.

Mutumin bai yi fushi ba. Kallona kawai yake yi, kamar mai son tuna wani abu.

Ma'aikaciyar jirgi ta ratso ta zo, ta karɓi takardarsa ta duba, ta karɓi tawa ta duba. Ta daɗe a kan tawa. Sannan ta tambaye ni, a hankali, ina za ni. Na ce Fatakwal, da muryar da nake amsa wa sufeton makarantu tambaya. Ta ce wannan jirgin Sakkwato za shi.

Ban san ko ka taɓa jin shirun mutum ɗari a lokaci guda ba. Na ji shi ranar. Sai kuma wani daga baya ya maimaita wa na kusa da shi da Hausa, don kada wani ya rasa rabonsa: "Fatakwal za su, sunka shigo na Sakkwato." Dariya ta fara daga can baya, ƙasa-ƙasa, tana gangarowa layi-layi.

A daidai nan ne mai gilashin ya tuna abin da yake nema. Fuskarsa ta washe, ya ɗan rusuna, ya ce, "Malam, ashe ku ne. Nasiru na, na Zurmi. Ku kunka koya muna labarin ƙasa." Ya juya ga matarsa da murna, ya ce mata wannan shi ne malamin da yake ba ta labari, wanda ke zana hanyoyin jirage a allo da ka.

Na tabbata da alheri ya faɗa. Amma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwance bel ɗin Baba ma sai da ya gagare ni, shi da kansa ya sa yatsa ɗaya ya ɓalle abinsa. Muka kama hanyar fita, muna saɓa wa masu shigowa, kowa na matsewa yana ba mu wuri. Baba na gaba da sandarsa yana amsa gaisuwa, don har an samu waɗanda suka san shi a kasuwar Shinkafi. Ni ina baya da jaka biyu, idona a kan takalmana. Wata tsohuwa ta ce mini, "Sannu Malam, Allah shi kiyaye gaba." Ma'aikacin gindin matakala kuwa, da ya gan mu muna saukowa, ya riƙe baki, ni ma ban iya haɗa ido da shi ba, don na san na ja masa faɗa.

Muna taka ƙasa na ga ɗaya jirgin, mai kallon arewa, an janye matakalarsa, ya fara ja da baya. Na tsaya cikin yayyafi ina kallonsa ya juya a hankali, ya tafi Fatakwal da kujerunmu biyu babu kowa.

A nan dariya ta ƙare mini, in ma da akwai. A teburin kamfanin aka ce mana wannan ne jirginsu na ƙarshe zuwa Fatakwal a ranar, na gobe kuma sai da rana, bayan an shafa fatiha an watse. Na tuna tsohon da ke can yana jiran amininsa, na tuna Lawali da ya ɗora mini amanar ubansa, na tuna Balkisu. Na fara yi wa matar teburin dogon Turanci ina neman inda zan rataya laifin, a kan lasifika, a kan ruwan sama, a kan fenti iri ɗaya. Ta saurare ni da fuskar wadda ta ji irin wannan sau dubu.

Sai Baba ya taɓa kafaɗata ya ce in ɗan matsa.

Ya jingina sandarsa, ya gaishe ta, ya tambaye ta aiki, duk da Turancin buroka irin na kasuwar shanu, wanda ban taɓa sanin yana da shi ba. Daga lafazinta ya gane 'yar wajen Fatakwal ce, ya ambaci wata unguwa, ta ɗago kai da sauri ta ce can aka haife ta. Ya gaya mata gaskiya tsaf: kuskurenmu ne, ba na kowa ba, ɗansa zai yi aure gobe da safe, shi kuma tsoho ne. Sannan ya yi tambayar da ni mai taswira ban yi ba. Ya ce in babu mai zuwa Fatakwal daga nan, babu mai zuwa daga Legas? Ta duba na'urarta ta ce akwai na yamma. Ya ce to daga nan zuwa Legas fa? Ta ce wannan ai kamar motar kasuwa ne, akwai wanda zai tashi nan da awa ɗaya, kuma da sauran wuri.

Ta kira wani babbansu, aka yi 'yan rubuce-rubuce, aka yi mana abin da za a iya. Da muka koma wurin zama Baba ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "In motar Gusau ta wuce ka, ba ka zama kuka. Ka bi ta Funtuwa, can kowace mota ka biyawa." Darasin da na shekara goma sha ina koyarwa ke nan, ya gama shi a numfashi ɗaya.

Daga nan shi ya shige gaba. A Abuja ya tambayi mai duba takardu, ya tambayi na gindin matakala, da muka shiga ya sake tambayar ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ko wannan ne na Legas. A Legas ma haka. Ni ina biye da jakunkuna. Muka sauka Fatakwal ana kiran magariba, Lawali na tsaye yana jiranmu. Ya tambayi abin da ya sa muka biyo ta Legas, na buɗe baki ban san me zai fito ba, sai Baba ya ce, "Hanya ta yi hakanan." Ya rufe zancen.

Washegari aka ɗaura aure. Na ga tsofaffin nan biyu sun riƙe hannun juna sun kasa saki, suna ta ambaton mutanen da duk sun rasu, suna dariya suna share ido. Ina gefe ina tunanin saura ƙiris in hana wannan haɗuwa saboda taku biyar da na ƙi yi.

Da yamma na samu Baba shi kaɗai a kan tabarma. Na durƙusa na ce ina da magana. Na ce masa jiya ce rana ta farko da na taɓa shiga jirgi a rayuwata.

Ya ce, "Na sani."

Na tambaye shi tun yaushe.

Ya ce, "Tun Sakkwato. Na ji kana addu'ar shiga kasuwa." Sannan ya ce shi ma ranar da ya fara shiga jirgi, takalmansa ya tuɓe a bakin ƙofa. Wannan ne karo na farko da na ga haƙoran surukina.

Har yau bai gaya wa kowa ba. Bai ma buƙaci ya faɗa ba, don jirgin Sakkwato ya riga mu isa gida da awa arba'in da wani abu, ɗauke da shaidu sama da ɗari. Kafin mu dawo labarin ya bi ta Mafara ya shiga Gusau, ya sauka Ƙaura, ya wuce Zurmi da Shinkafi, kuma a hanya ya yi ƙiba. A wani ƙaulin har mun tashi sama aka juyo da mu. A wani kuma na ce wa matuƙin jirgin ya kauce in nuna masa hanya. Balkisu ta tare ni a ƙofa ta karɓi jakata, ta yi mini sannu da zuwa yadda ya kamata, ta kawo ruwa, sai da na kai kofi baki ta tambaye ni ya mutanen Sakkwato. Ranar Litinin kuwa na shiga aji na tarar an riga an zana mini taswira a allo, da kibiya ta tashi daga Abuja ta nufi kudu, ta yi kwana a tsakiya ta koma arewa. Zanen ya yi kyau, ban ga abin gyara ba, sai na bar shi muka yi darasi da shi.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne. Rashin sani ba ya kashe mutum, kuma ba ya ɗaukar lokaci, tambaya ɗaya ce a gaban mutum ɗaya, ka ji kunyar minti guda ka wuce. Amma in ka ce kai sai ka ɓoye shi, to zai jira ka ne har sai ya tara maka jama'a, ya zaunar da su layi-layi, ya kawo surukinka da tsohon ɗalibinka ya ba su kujerun gaba, sannan ya tashe ka tsaye.